Barewar Mishigan ba ta son gaggawa

Baffa, barka da war haka, ya mutanen Alkaleri? Kun tambaya ko da gaske muna harbin barewa da baka a Amurka, ƙasar da bindiga ba ta da wuyar samu. Da gaske ne. A jihar Mishigan, inda muke zaune, masu baka kan fara shiga daji ran 1 ga Oktoba, yawancin masu bindiga kuwa sai 15 ga Nuwamba. Sai da lasisi, kuma doka ta hana sayar da naman. Mu 'yan Arewa rabawa muke yi gida-gida, a yi farfesu, ragowar a yi dambu.

Farautar nan ba irin tamu ba ce. Babu kiɗa, babu kirari, ba a korar nama da karnuka, kuma babu mai ɗaura burtu. Dako ake yi. Ka yi sallar asuba, ka hau wata 'yar kujerar ƙarfe da aka ɗaure a jikin itace, ka zauna inda iska ba za ta kai wa barewa warinka ba.

Abin da zai ba ku mamaki, an hana sa wa kibiya dafi. Maharbin gida ko a cinya ya samu, dafi zai ƙarasa masa aikin. A nan kuwa dole kibiya ta ratsa huhu, wato ta shiga bayan ƙafar gaba sa'ad da dabbar ta ba ka haƙarƙari. Shi ya sa ba na harbi in ta wuce yadi 25.

Ranar da na fara ganin namiji mai ƙaho ya tsaya ƙarƙashina, wallahi gwiwoyina karkarwa suka kama yi, zuciya kamar ganga. Na zura wa ƙahon ido, na saki tsirkiya a firgice. Yana jin ƙararta ya durƙusa zai zabura, kibiya ta bi ta saman bayansa. Na koma gida da kwari da kunya.

Wani dattijo ɗan Gombe da ya daɗe a nan ya gyara mini. Ya ce in daina kallon ƙaho, in zaɓi tabo guda a jikin gashin, kamar girman kwabo, in manta da sauran dabbar. Kada in ja baka sai kanta ya shiga bayan itace. In ja, in kai hannu gefen baki inda na saba, in sauke numfashi rabi, sannan in yi bisimilla. Bisimillar nan da ma ita ke halatta naman, ga shi kuma tana hana yatsa rawar jiki.

Bayan harbi ma ba a dirowa. Rabin awa nake zama kafin in bi jini, don in ka tashe ta da wuri, gudu za ta yi har ka rasa sawunta. In na tarar da sauran rai, in yanka.

A gaida su Inna. In an samu mai zuwa, a aiko mini da yaji.