Amsa: Netwok na rarrafe a injin Windows, na CentOS kuma ya ɓace bayan ƙaura zuwa sabuwar sabar

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na ga wasu 'yan'uwa sun ba ka shawarar sauya kebul ko sayen sabon suwic, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis ta kebul, amma ina roƙonka ka dakata da kashe kuɗi tukuna. Idan na fahimce ka daidai, ofishin hidimar masu Umara da kake kula wa da kwamfutoci a nan Jidda ya sayi sabuwar sabar, kun ɗora mata XCP-ng, manhajar da ke gudanar da kwamfutocin kwaikwayo a cikin sabar ɗaya, sannan kuka kwaso irin waɗannan injunan kwaikwayo biyu daga tsohuwar sabar mai XenServer, wadda ita ma irin wannan manhaja ce. Mai ɗauke da Windows ya tashi amma netwok ɗinsa na rarrafe, mai ɗauke da tsohon CentOS 6 (wani nau'in Linux) kuwa da farko ya ƙi tashi, da wani ya taɓa saitinsa sai ya tashi babu netwok ko kaɗan. A iya abin da na gani a wannan aiki, alamomin nan biyu tushensu ɗaya, wato ƙaurar da kuka yi, kuma ba a jikin kebul yake ba. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne a wane yanayi kowane inji yake gudana, kuma wane direba ne, wato ƙaramar manhajar da ke sarrafa kayan ƙarfe, yake riƙe da katin netwok ɗinsa.

XenServer da XCP-ng duka a kan Xen aka gina su, wanda aka fara a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya fito a 2003. A wancan lokacin masarrafan Intel da AMD ba su da wani tanadi na musamman don gudanar da inji a cikin inji, saboda haka aka bi hanyar da ake kira PV: a gyara kanel, wato zuciyar manhajar baƙo (injin kwaikwayon), ya san cewa shi baƙo ne, ya riƙa neman faifai da netwok kai tsaye daga mai masaukinsa, wato sabar. Da Intel ya fito da irin wannan tanadi mai suna VT-x a 2005, AMD kuma ya biyo da nasa AMD-V a 2006, sai aka samu yanayi na biyu, wato HVM, inda baƙo ke tashi kamar a kan kwamfuta ta gaske ba tare da an taɓa kanel ɗinsa ba. Windows da ake sayarwa ba ya gudana a PV, kullum a HVM yake. Matsalar HVM tsagwaronsa ita ce, tunda baƙon bai san inda yake ba, dole manhajar QEMU ta riƙa kwaikwayon kayan ƙarfe dominsa, kuma katin netwok da aka saba ba shi shi ne Realtek RTL8139, tsohon kati na shekarun 1990 mai gudun megabit 100. Kowane fakiti sai ya bi ta hannun QEMU kafin ya fita, kamar alhajin da bai ji Larabci ba yana ciniki a kasuwar Makka ta bakin tafinta, cinikin zai faɗa amma sai an ɓata lokaci. Shi ya sa aka haɗa biyun: inji ya tashi a HVM, sannan a sa masa direbobin PV na faifai da netwok, su sallami katin kwaikwayon su yi magana da mai masauki kai tsaye. Nan ne ya kamata injunanka biyu su ƙare.

Bari mu fara da Windows, domin nasa ya fi sauƙin ganewa. Buɗe wurin da Windows ke jera kayan ƙarfen kwamfuta da direbobinsu, ka duba sunan katin netwok. Idan ka ga Realtek ko Intel PRO/1000, to direban PV ba ya aiki, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana rarrafen da kake gani. Za ka iya tabbatarwa daga ɓangaren sabar: shiga ta SSH, wato hanyar ba sabar umarni daga nesa, ka rubuta xl list don samun lambar injin, sannan ip link. Inji mai lamba 5 da direbobinsa ke aiki zai nuna vif5.0 kaɗai, amma idan ka ga tap5.0 a gefensa, katin kwaikwayon ne har yanzu yake ɗauke da kaya.

A nan ne nake so ka yi taka-tsantsan sosai, domin na sha ganin an mayar da ƙaramar matsala babba a daidai wannan mataki. Injin da ya fito daga XenServer yakan zo da ragowar direbobin Citrix, kamfanin da ya riƙa sayar da XenServer, a cikinsa, kuma ɗora wasu direbobin na daban a kansu ba tare da an cire na farko tsaf ba yana iya jawo shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, saboda direban faifai da na netwok tafiyarsu ɗaya. Ka zaɓi iri ɗaya ka tsaya a kansa. Kafin ka cire ko ka ɗora komai, ɗauki sinafshot na injin, wato ajiyar yanayinsa na yanzu da za ka iya komawa gare ta, kuma ka rubuta adireshin IP ɗinsa da na ƙofar fita da na DNS a takarda. Dalili shi ne da zarar direban PV ya kama aiki, Windows zai ɗauke shi a matsayin sabon kati, ya bar tsayayyen adireshin da kuka ba shi a jikin tsohon katin da ya ɓoye, sabon kuma ya koma neman adireshi ta DHCP, tsarin da ke raba adireshi da kansa. Wanda ke aikin daga nesa ta RDP, wato hanyar shiga allon Windows ta netwok, a nan zai ga an rufe masa ƙofa. Saboda haka ka yi aikin ta allon injin da ke cikin Xen Orchestra ko XCP-ng Center, manhajojin kula da sabar, domin wannan allon ba ya dogara da netwok ɗin baƙo. Akwai wani kamfani a Riyad da aka kira ni bayan sun kwana suna zargin mai ba su intanet, alhali adireshin ne kawai ya maƙale a jikin ɓoyayyen kati.

Na CentOS ɗin labarinsa ya ɗan fi tsawo. A zamanin da aka girka shi, XenServer a PV yake gudanar da CentOS 6, kuma sababbin fitowar XenServer da XCP-ng sun janye tallafi daga wannan tsohon yanayi, wanda ya bayyana ƙin tashinsa na farko. Ina kyautata zaton abin da mutumin da ya taɓa saitin ya yi shi ne mayar da shi HVM. Ka tabbatar da umarnin xe vm-param-list tare da uuid, wato lambar shaida ta injin, ka duba layukan HVM-boot-policy da PV-bootloader: idan na farkon yana ɗauke da BIOS order, a HVM yake, idan kuwa babu komai a cikinsa na biyun kuma yana cewa pygrub, to har yanzu PV ne. Tunda ya tashi, an riga an wuce wahalar GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, sai dai idan allon ya tsaya baƙi bayan tashi, ka cire console=hvc0 daga layin kanel, domin wannan allon na PV ne.

Ɓatan netwok ɗin kuwa, mafi yawanci adireshin MAC ne, wato lambar shaidar katin netwok, ya sauya lokacin ƙaura. CentOS 6 yana ajiye tsohon MAC a wurare biyu. Na farko fayil ɗin 70-persistent-net.rules da ke cikin /etc/udev/rules.d, wanda ya riga ya ɗaura sunan eth0 a kan tsohon adireshin, sai sabon katin ya samu sunan eth1, sunan da ba shi da wani saiti. Na biyu layin HWADDR a cikin ifcfg-eth0 da ke ƙarƙashin /etc/sysconfig/network-scripts. Rubuta ip link ka gani. Idan eth1 ya bayyana eth0 kuma babu shi, goge fayil na farko, gyara ko cire layin HWADDR, ka sake tayar da injin. Bayan netwok ya dawo kada ka tsaya nan, rubuta ethtool -i eth0. Idan ya ce direban vif ne, kana kan hanyar PV, idan kuwa ya ce 8139cp, ka faɗa ramin da Windows ya faɗa, sai a duba saƙonnin kanel da umarnin dmesg a ga abin da ya hana xen-netfront, wato direban PV na netwok, lodawa.

Ba zan ɓoye maka ra'ayina a kan wannan injin ba: tallafin CentOS 6 ya ƙare tun 30 ga Nuwamba 2020, kuma inji ne da ke riƙe da bayanan fasfo da biza na bayin Allah, wanda amana ce a wuyan ofishin. Gyaran da na faɗa zai tayar da shi aiki ya ci gaba, amma ka gaya wa maigidanka a fili cewa ana bukatar a gina sabo a kwashe bayanan. Idan kuka zaɓi Debian 12, wani nau'in Linux ɗin, ka sani cewa katin Xen a can sunansa enX0, ba eth0 ba, kada kwafin tsohon saiti ya sake jefa ku cikin irin wannan.

Akwai alama ta uku da ba ka ambata ba amma tana iya zuwa, musamman idan kuka ɗora pfSense, manhajar katangar tsaron netwok, a kan sabar ɗin. Ping, wato gwajin ko ana isa ga inji, zai tafi lafiya, amma shafuka su ƙi buɗewa ko kwafin fayil ya tsaya a tsakiya. Wannan yawanci daga lissafin tantance fakiti ne da baƙo ke barin wa kati ya yi masa, kuma maganinsa kashe shi a kan katin injin da xe vif-param-set, a sa other-config:ethtool-tx ya zama off, sannan a sake tayarwa. Kada ka kashe shi a kan duk injuna don riga-kafi, domin yana rage wa masarrafi nauyi inda yake aiki daidai.

Game da lokacin aikin, ka zaɓi Juma'a bayan an sauko daga masallaci ko safiyar Asabar da ofis ke rufe, kuma ka gama kafin Ramadan ya kama, lokacin da ba za a ba ka ko sa'a ɗaya ta kashe sabar ba. Ka auna gudun netwok da iperf3 tsakanin injin da wata kwamfuta a ofis kafin gyara da bayansa, kuma ka sauya abu ɗaya a lokaci guda, domin idan ka taɓa direba da suwic da saitin kati a zama ɗaya ba za ka san wanne ya gyara ba ko wanne ya ɓata. Idan bayan direban PV ya kama aiki gudun bai ɗaga ba, a lokacin ne za mu waiwayi kebul da suwic da saitin Open vSwitch, wato suwic na manhaja da ke cikin sabar. Ka turo mana abin da xl list da ip link suka nuna a sabar, da sakamakon ethtool -i daga injin CentOS, ka share adireshin IP na ofis kafin ka liƙa, in sha Allahu za mu duba tare.