Kafin ka sayi kifin roba

Ɗana, ka tambaye ni me ya hana mu yin fatsa da kifin roba, irin wanda ka ga Amurkawa a salula suna jefawa a madatsun ruwansu suna ciro kifin da suke kira bas. Har na ji kana tara kuɗin saye. Riƙe kuɗinka tukuna.

Bas kifin Arewacin Amurka ne, kuma mafarauci ne. Yana laɓewa gindin kututture ko cikin ciyawa, da ido yake hango abin da zai ci, da jikinsa yake jin motsin ruwa. Shi ya sa roba ke yaudararsa. Mai fatsa ya jefa ta, ya riƙa ja yana fizga, sai ta yi tafiyar ƙaramin kifi mai rauni, bas ya kai cafka. Robar nan ba da ƙamshi ta dogara ba, motsinta ne ke aiki, kuma sai ruwa yana da ɗan haske ake ganin amfaninta sosai.

To yanzu dubi ruwanmu. Je ka tabkin Gidimuni ko na Lasuri bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ka tsoma hannu zuwa gwiwa, ka gaya mini ko kana ganin yatsunka. Abin da muka fi kamawa a ƙasar Damagaram tarwaɗa ce da karfasa, sai gaiwa a wuraren taɓo. Idon tarwaɗa ƙanana ne, ba da su take neman abinci ba. Gashin bakinta guda 8 su ne hancinta da harshenta, da su take lalube a ƙasan ruwa, galibi da dare. Kotonta sai abu mai wari: tana, hanjin kaza da ya kwana, gutsuren kifi, ɗan kwaɗo. Ka ɗaura wa zaren ɗan nauyi ya sauka ƙasa, ka bar shi. Mamari, dogon zaren nan mai ƙugiyoyi da yawa da muke shimfiɗawa da magariba mu ɗauke da asuba, dalilinsa ke nan, ba lalaci ba ne kamar yadda ƴan gari ke zato.

Karfasa kuwa tana gani sarai, amma ba mafarauciya ba ce. Gansakuka da ƙananan abubuwan ruwa take ci, kuma bakinta ƙarami ne. Ka zuba dusa a wuri ɗaya kwana biyu ko uku, ka zo da ƴar ƙugiya da tana ko gara. Kifin robar da kake so ya fi bakinta girma.

Akwai wani kifi namu da ke bin roba, giwan ruwa, wanda masu Faransanci ke kira kapiten. Halinsa na farauta ne, yana kai cafka ga abu mai motsi da walƙiya, ko bakin cokali ka yanke ka huda ka sa masa ƙugiya zai bi. Sai dai gidansa manyan ruwaye ne, kogin Kwara, tabkin Cadi, Komadugu, sai tabkunan da aka zuba shi da gangan. Kuma ba sa'an bas ba ne. Babban bas ɗin da Amurkawa ke alfahari da shi har yau, wanda aka kama a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 ne da ɗan ɗoriya. Giwan ruwa yana wuce kilo 100. Siririn zaren da ke zuwa da kayan nan, fizga ɗaya zai yi masa ka koma gida da sanda zalla. Ga kuma kacalla da ta cinye bakin Gidimuni. Roba mai ƙugiya shida ba za ta yi jifa uku a can ba ta maƙale.

Ka kuma ce ka ga suna maida kifin ruwa bayan sun ɗauki hoto, ka yi ta dariya. Su nishaɗi suka je yi, mu cefane muke nema, amma wannan ɗabi'ar ba ta dariya ba ce. Tabkunanmu ba kogi ke ciyar da su ba, da yawansu zuba musu ƴaƴan kifi ake yi, abin da aka kwashe ya tafi ke nan. Idan ka kama karfasa ka ga maƙoshinta ya kumbura, buɗe bakinta. Ƙwai ko ƴaƴa ne take goyo a ciki, ɗaruruwa. Sake ta. Wanda bai kai tafin hannu ba shi ma ya koma. Masu jan gidan sauro a ruwa kuwa, idan sarkin ruwa ko ma'aikatan gandun daji suka ƙwace kayansu, ni ba na zuwa roƙo.

Lokaci ma ka sa shi a lissafi. Cikin hunturu, Disamba da Janairu, karfasa ba ta cin koto da sassafe, jira rana ta ɗaga ruwa ya yi ɗumi. Da bazara, Afrilu da Mayu, ruwa ya ja baya, kifi ya taru a zurfi, za ka ga tarwaɗa tana leƙowa sama tana shaƙar iska. Inda ka ga haka, nan za ka kafa fatsa.

Kuɗin nan ka sayi ƙugiyoyi manya da ƙanana da zare mai kauri. Gobe bayan la'asar ka tono tana a bakin garka, ka zuba su a gwangwani da danshin ƙasa. Idan tarwaɗa ta fito, kama ta ta bayan kai, yatsunka a bayan ƙayoyin nan biyu na gefe, don sukarsu tana hana mutum aiki kwanaki.