Baba ba ya magana, me za mu saya don mu gane yana jin ciwo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke masa. Da dare sai ya yi ta nishi, in za a juya shi kuma ya ɗaure fuska ya damƙe hannun mutum. Yayanmu ya turo kuɗi ya ce a sayi na'urar awon jini da 'yar ƙaramar nan da ake maƙalawa a yatsa, wai za su nuna in yana jin ciwo. Mai kemis ɗin layinmu kuma ya ce zai haɗa masa magani mai ƙarfi. Da wanne za mu fara? Daga 'yarsa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya.

Na'urar awon jini ku saya, ta damtse ba ta wuyan hannu ba, tunda hawan jini ne kan gaba wajen jawo irin wannan lalura. Sai dai ki faɗa wa Yaya ba ta auna ciwo. Fargaba kaɗai kan sa jini ya hau, mai ciwon da ya daɗe kuwa awonsa na iya fitowa lafiya lau. Ta yatsan iskar cikin jini da bugun zuciya take nunawa, ku bar ta sai in likita ya ce.

Abin da zai fi yi muku aiki littafin rubutu ne na 'yan makaranta da biro.

Fara da tambayar Baba kansa. Da yawa daga waɗanda bakinsu ya ɗauke suna fahimta. Ki zauna ta gefensa mai lafiya, ki ce in amsar "e" ce ya matsa hannunki. Gwada shi da abin da kin riga kin sani: "Baba, a Jos muke?" sannan "A Kano muke?" In ya bambance, sai ki bi jikinsa gaɓa gaɓa kina tambaya.

In bai bambance ba, sai aikin ido. Akwai ma'aunin da ake kira PAINAD, wanda aka fitar a Amurka a 2003 saboda tsofaffi masu cutar mantuwa, kuma ma'aikatan jinya kan aro shi ga duk wanda ba ya iya faɗa. Abu biyar ake dubawa: numfashi, nishi ko kuka, yanayin fuska, yadda jiki ya sake ko ya sandare, da kuma ko lallashi na kwantar da shi. Kowanne maki 0 (babu alama) zuwa 2 (alama mai tsanani), jimilla 10. Ki rubuta makin yana kwance shiru, ki sake rubutawa lokacin juyi ko wanka, don a motsi ciwo ke tona kansa. Wannan littafin, in kin ajiye shi gaban likita, ya fi "wallahi yana shan wahala" amfani nesa ba kusa ba.

Ɗaure fuskar da kika ambata ta sa na fi zargin kafaɗar ɓarin da ya shanye. Hannun da ba ya motsi nauyinsa kan ja kafaɗa, mu kuma mun saba ɗaga majinyaci ta hammata ko a ja hannunsa. A daina. A tallafi hannun da matashi, a juya shi ta kwankwaso da allon kafaɗa. Ki duba dundunniya da ƙasan baya kullum. A baƙar fata gyambon kwanciya ba lalle ya fara da ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi sheƙi ko ɗumi. A riƙa juya shi kamar duk awa biyu, kuma in akwai rarar kuɗin Yaya, katifar iska ta fi na'urar yatsa. Kada a manta da bayan gida da fitsari: kwana nawa rabonsa?

Haɗin kemis kuwa, a'a. Irin su diclofenac da ibuprofen kan taɓa ƙoda, su ƙara hawan jini, su sa ciki zubar jini, balle in yana shan asfirin. Tramadol kan ruɗa tsoho ya sa shi barci, ku ɗauka ya samu sauƙi alhali shiru kawai ya yi. Likitoci sukan fara da farasitamol. Iyakarsa ga babba giram 4 a yini, tsoho mai rama ƙasa da haka, don haka likitansa ne zai yanke, ya kuma duba ko yana iya haɗiya. Ki rubuta maki kafin a ba shi da bayan awa ɗaya.

In ciki ya kumbura ya yi tauri, ko fitsari ya tsaya, ko zazzaɓi ya zo, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, kada a jira safiya, a nufi asibitin koyarwa na Jos da ke Lamingo ko wanda ya fi kusa.

Tambaya: Sanyin Jos ya kankama, Inna tana da cutar mantuwa, gwiwoyinta na damun ta. In saya mata robar ruwan zafi? Daga ɗanta, Gangare.

Amsa: Malam, sayi safa mai kauri da bargo. Wanda ba zai ce "ya yi zafi" ba, ba a barin sa da robar ruwan zafi cikin bargo, fatar tsoho ba ta da wuyar ƙonewa. In za a gasa gwiwar, da tawul mai ɗumi, kana zaune kana kallon fuskarta. Kaskon gawayi kuma kada ya kwana a ɗakinta a rufe.