Ina Zan Samo Sabon Kiɗan Blues Rock Da Funk Mai Ma'ana?

Tambaya: Malam, na daɗe ina sauraron Jimi Hendrix, Stevie Ray Vaughan da James Brown har na haddace su. Duk sanda na nemi sabo a manhaja, sai ta jero min waƙoƙin da aka saurara sau miliyoyi, in na kunna kuma ba sa ratsa ni. Abokaina sun ce kiɗan ya bi masu shi kabari. Abin na damuna. Gaskiya ne, ko kunnena ne ya tsufa?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, kunnenka lafiyarsa ƙalau, kiɗan ma yana raye. Mai jitar blues Christone Ingram, wanda aka fi sani da Kingfish, a 1999 aka haife shi a Clarksdale ta jihar Mississippi, kuma ya ci kyautar Grammy a 2022. Akwai Gary Clark Jr., Samantha Fish, 'yan'uwan nan mata biyu na Larkin Poe, da Tedeschi Trucks Band. A funk kuwa, 'yan ƙungiyar Vulfpeck sun cika babban zauren Madison Square Garden na New York a 2019 ba tare da wani babban kamfanin faifai ya tsaya musu ba.

Matsalar tana cikin tambayarka, inda ka ambaci miliyoyi. Kullum sai na gamu da mai wannan tunani, wai yawan saurare shi ne shaidar inganci, kuma wallahi abin ya ishe ni. Lambar nan saye ake yi. Akwai 'yan damfarar da sana'arsu ke nan: su karɓi kuɗi, su sa dubban asusun bogi su yi ta kunna waƙa dare da rana, ko su cusa ta a jerin waƙoƙin da suka mallaka. A 2024 an gurfanar da wani mutum a Amurka bisa zargin ya tara sama da dala miliyan 10 ta wannan hanya, da waƙoƙin da kwamfuta ta haɗa masa. A 2025 wata ƙungiya mai suna The Velvet Sundown ta haura masu saurare miliyan ɗaya a wata a manhajar sauraron kiɗa ta Spotify, da salon rock na da, daga baya ta bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta yi kiɗan. Babu wanda ya riƙe jita, babu wanda ya yi gumi a kan ganga.

To ka ga illar. Manhaja tana tura abin da ya riga ya tara lamba, lambar ta ƙaru, ta sake tura shi. Makaɗin da ya shekara ashirin yana goge yatsunsa a ƙananan zauruka sai ya nutse a ƙasa. Tun 2024 ma, waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a shekara ba, Spotify ba ya biyan kuɗin saurarenta. Blues da funk kuwa su suka fi cutuwa, domin daɗinsu yana wurin da mai jitar bas da mai ganga suke sauraron juna, wani ya ɗan jinkirta, wani ya ja shi. Alƙaluma ba sa auna wannan.

Ka bar bin lamba, ka bi mutane. In faifai ya burge ka, duba sunayen waɗanda suka yi kiɗan. Daga Vulfpeck za ka kai ga mai jita Cory Wong, daga shi zuwa ƙungiyar The Fearless Flyers, daga nan ka tsinci mai ganga Nate Smith. Ka kuma riƙe ƙananan kamfanonin da ke zaɓe da kunne: Alligator Records na Chicago, tun 1971 suke kan blues, Daptone na Brooklyn, gidan marigayiya Sharon Jones, Easy Eye Sound na Dan Auerbach a Nashville. Bandcamp, shafin sayar da kiɗa na intanet, yana nuna maka abin da masoya kiɗa suka sa kuɗinsu suka saya.

Kafin ka yanke wa kowane makaɗi hukunci, nemi bidiyon wasansa na kai-tsaye, irin na gidan rediyon KEXP na Seattle ko shirin Tiny Desk na gidan rediyon NPR na Amurka, ka kalle shi har ƙarshe. Wanda ka ji ya ratsa ka, sayi faifansa, sannan ka duba waɗanda yake gayyata su buɗe masa wasa, domin nan ne sababbi suke fara fitowa.