Haɗin garin shayi mai madara da kayan ƙamshi

'Yar'uwa, kin tambayi yadda ake haɗa garin shayin nan irin na Indiya domin ajiya. Ki daka busasshiyar citta da kirfa cokali 2 kowanne, da kadamon (wato cardamom, wasu ƙananan 'ya'ya masu ƙamshi a cikin koren kwanso) cokali 1, sai kanumfari da masoro rabin cokali kawai, domin idan kanumfari ya yi yawa yakan danne sauran ƙamshin. Ki tankaɗe sosai, sannan ki cuɗa da madarar gari kofi 1 da sukari rabin kofi. Ban so ki zuba ganyen shayi a ciki ba, tunda ba ya narkewa. Gara ki dafa shi daban, ki tace, ki sa cokali 2 na haɗin a kowane kofi. Ki adana haɗin a busasshiyar kwalba mai murfi, saboda danshi yana dunƙule madarar.