Shin Ƙashi Abu Ne Mai Rai?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. An ce ƙashin mutum yana da rai kamar tsoka. Yaya abu mai tauri haka zai kasance da rai? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, abin da aka faɗa miki gaskiya ne. Idan aka yanki ƙashi siriri aka duba shi da na'urar hangen ƙananan abubuwa, za a ga ɓangarensa na waje, wanda ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin ƙasusuwan jiki, ya ƙunshi ƙananan ginshiƙai masu zobe a cikin zobe, kamar yadda ake gani a kututturen itacen da aka sare. A tsakiyar kowane ginshiƙi akwai kafa da jijiyoyin jini ke bi, wadda likitan Ingila Clopton Havers ya bayyana a 1691. Ɓangaren ciki kuwa ramuka ne da ɓargo ke zaune a cikinsu.

Taurin yana zuwa ne daga ma'adinin kalsiyam da fosfet, yayin da zaren kolajin, wani nau'in furotin, ke ba shi juriya don kada ya farfashe.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙwayoyin halittar da ke ciki. Wasu suna gina sabon ƙashi, wasu suna cinye tsoho, wasu kuma suna kwance a ƙananan ramuka suna lura da nauyin da ƙashin ke ɗauka. Wannan aiki ne ke sa karaya ta ɗoru. Idan rushewa ta rinjayi gini, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada, ƙashi yakan yi rauni har ya karye daga ƙaramar faɗuwa.