Wasan kwaikwayo a darasin nahawu: amsa ga sabon malami

Ka tambaya me ya sa in ka shigo da wasan kwaikwayo cikin darasin nahawu yara suke ta murna, amma washegari sai ka tarar babu abin da ya zauna musu. To Malam, matsalar tana ga yadda aka gina wasan. Kafin ka shiga aji, tambayi kanka: yaro zai iya cin wasan nan ba tare da ya furta sigar da nake son koyarwa ba? In zai iya, sake shiri. Kuma kada ka ɗora wa wasa ɗaya ƙa'ida fiye da ɗaya.

Fara da lokutan aikatau, don su ne jiki ya fi iya nunawa. Rubuta ayyuka goma zuwa sha biyu a 'yan takardu: shara, ɗinki, rubutu, wanki, iyo. Yaro ya zaɓi ɗaya, ya kwaikwaya ba tare da ya yi magana ba, sauran su faɗa: "Yana shara." Da ka tafa hannu, sai ya ƙame a inda yake, su kuma su ce: "Ya yi shara." Wani ya fito ya ɗaga tsintsiyar da babu ita, bai kai ta ƙasa ba: "Zai yi shara." Tafin nan shi ne darasin, domin da shi yaro yake gane iyakar aikin da ake cikinsa da wanda aka gama. Riƙa sauya mai fitowa, namiji, mace, sannan biyu tare, sai "yana", "tana" da "suna" su fito da kansu.

Wanda ya fi ƙoshi shi ne wasan kotu, kuma ya dace da 'yan shekara 8 zuwa 10. Raba su biyar-biyar: alƙali ɗaya, mai ƙara ɗaya, waɗanda ake zargi biyu, shaida ɗaya. Ƙarar kuwa ƙarama ce, alli ya ɓata. Alƙali ya tambaya: "Wa ya ɗauki alli?" Wanda ake zargi ba shi da mafita sai korewa: "Ban ɗauka ba." Shaida ya nuna su ya ce: "Su ne suka ɗauka." A nan za ka kasa kunne sosai, don nan ne wani zai ce "su ne sun ɗauka". Bayan "wa", "me" da "su ne", "sun" takan koma "suka", "suna" kuma ta koma "suke". Bayanin wannan a allo yana da wuya ga ƙaramin yaro, amma a gaban alƙali zai maimaita ta sau da yawa har kunnensa ya saba. Dokar kotun ita ce, alƙali ba ya karɓar shaida sai jimlar ta fito daidai. Bayan kowace shari'a a yi musanyar matsayi, in ba haka ba yara biyu masu baki za su mamaye komai.

Na "ne" da "ce" ba ya cin lokaci. Zuba kaya a jaka, yaro ya zaro ɗaya ya gabatar da shi kamar mai shela: "Hula ce!", "Littafi ne!" In sun fara ɗauka duk abin da ya ƙare da "a" mace ne, sai ka jefa musu hoton gida da takalma.

Game da gyara, kada ka tsayar da wasa don kuskure. Shiga cikinsa ka mayar da jimlar daidai, kamar ba ka ji da kyau ba: "Af, su ne suka ɗauka?" Yaron zai maimaita, ba tare da ya ji kunya ba. Ka kuma guji wasan da ake fitar da wanda ya yi kuskure. Wallahi wannan yana ɓata mini rai, domin yaron da ya fi buƙatar maimaici shi ne farkon komawa kujera ya zama ɗan kallo. A ba rukuni maki kawai. Mai jin nauyin magana kuma ka fara ba shi kwaikwayon da babu furuci, ko ka haɗa shi da abokinsa.

A darasin minti 35, minti 3 sun isa ka nuna wasan da kanka tare da yaro ɗaya, don dogon bayani yana kashe shi. Wasan ya ɗauki minti 12 zuwa 15, ka tsayar da shi tun suna marmari. Ku yi yarjejeniya tun farko kan alamar shiru, misali ɗaga hannu, don kada ka riƙa ɗaga murya. Sauran lokacin na rubutu ne, kuma tsallake shi ne yake sa washegari su manta. Karɓi jimloli huɗu ko biyar daga bakinsu, waɗanda suka faɗa a wasan, ka rubuta a allo, su ja layi a ƙarƙashin abin da ya sauya. Sai a lokacin za ka ambaci "shuɗaɗɗen lokaci" ko "korewa". Kowa ya rubuta jimloli uku nasa, kai kuma ka zaga ka duba littattafan waɗanda ba ka ji muryarsu ba.